Haƙurin Maraya da Nauyin Mai Riƙonsa

Yaron da ya rasa kulawar iyayensa a cikin birnin Zariya ba kasafai yake ƙarewa a gidan marayu ba. Galibi gidan dangi yake komawa, wajen kaka a Kwarbai, ko goggo a Unguwar Juma, ko baffa a Kaura. Wani uwarsa ce take tafiya da shi gidan sabon miji ya zama agola. Wani ubansa ne yake karɓe shi bayan saki, ya tashi a hannun kishiyar uwa. Wani kuma tun yana ɗan shekara shida ko bakwai aka ɗauko shi daga ƙauye aka damƙa wa malamin allo, zaure ya zama makwancinsa. A 'yan shekarun nan an sami ƙarin wani rukuni, wato yaran da hare-haren 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari da Igabi, waɗanda wasunsu a kan idonsu aka harbe uba ko aka tasa ƙeyar uwa zuwa daji.

Masu riƙon irin waɗannan yara sukan kawo kuka iri ɗaya. Yaro ya wuce shekarun fitsarin kwance amma bai daina ba. Yana ɓoye tuwo a ƙarƙashin tabarma ko da ya ƙoshi. Yana zabura idan aka buga ƙofa da ƙarfi. Yana ƙarya a kan abin da bai kai a yi masa ƙarya ba, ko ya kama faɗa da 'ya'yan gida ba gaira ba dalili, ko ya yi shiru ya ƙura wa bango ido ana kiransa bai ji ba. Sunayen da ake ba shi sanannu ne: mai taurin kai, marar godiya, dolo, kangararre. Tambayar da wannan yake jawowa ta addini ce kafin ta zama ta likitanci. Halin da yaron yake nunawa laifi ne da za a hore shi a kai, ko rauni ne da za a yi jinyarsa? Idan kuma haƙuri ne abin da ake nema a lokacin musiba, a kan wa ya wajaba, a kan yaron ko a kan wanda yake riƙe da shi?

Abin da likitoci suka gano game da tsoro bai da wuyar fahimta. Idan mutum ya ga haɗari, jikinsa yakan saki sinadaran da ke sa zuciya bugawa da sauri, gaɓoɓi su yi shirin gudu ko faɗa, wani lokaci kuma mutum ya sandare wuri ɗaya. Da haɗarin ya wuce sai jiki ya koma daidai, kuma yaro yakan fi saurin komawa idan akwai babban da ya amince da shi a kusa. Amma idan abin tsoron ya yi ta maimaituwa, ko kuma wanda ya kamata ya ba da kariya shi ne mai cutarwar, sai jikin yaron ya saba da zama cikin shiri dare da rana. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Yaron da ke cikin wannan hali barcinsa ba ya nauyi, hankalinsa yana kan fuskar babba da motsin hannunsa, saboda haka harda ba ta zama masa, gargaɗi kuma ba ya shiga yadda ake so. Ɓoye abinci dabara ce da yunwa ta koya masa. Ƙarya kuwa a wurin da ya fito ita ce ta sha raba shi da duka.

Wani babban bincike da likitoci Vincent Felitti da Robert Anda suka jagoranta a Amurka, wanda aka fara wallafa sakamakonsa a 1998, ya haɗa manya fiye da 17,000. An tambaye su abin da suka gani a ƙuruciya na duka da cin zarafi da sakaci da rabuwar iyaye, sai aka tarar wajen kashi biyu cikin uku sun gamu da aƙalla ɗaya, kuma gwargwadon yawan abin da mutum ya gani, gwargwadon yiwuwar ya faɗa shaye-shaye ko ciwon damuwa ko ciwon zuciya a girma. A Nijeriya ma, binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa yara shida cikin goma suna gamuwa da wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18, kuma ƙalilan ne ƙwarai suke samun taimako. Waɗannan alƙaluma magana suke yi a kan jama'a, ba hukunci ba ne a kan yaro ɗaya. Marayu da yawa sun tashi sun zama malamai da alƙalai da attajirai, kuma abin da aka fi samu a tarihin waɗanda suka tsira shi ne wani babba guda da ya tsaya musu bai gaji ba.

Daga nan ne aka gina tsarin kulawar da ke la'akari da abin da yaro ya gani a baya. Hukumar Amurka mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye ta tsara ƙa'idojinsa a 2014, kuma jigonsu shi ne mai riƙo ya fara tambayar abin da ya sami yaro kafin ya yanke hukunci a kan halinsa, ya tabbatar masa da aminci, ya riƙa cika masa alkawari, ya ba shi bakin magana a abin da ya shafe shi, kada kuma ya sake fama masa ciwon da ya zo da shi. Tsarin bai ce a bar yaro ba kwaɓa ba. Abin da ya ce shi ne kwaɓa ba ta kama yaron da bai riga ya sami natsuwa ba.

Wanda ya tashi a garin malamai irin Zazzau yana iya cewa Musulmi ba ya bukatar wannan, domin yana da imani da ƙaddara, kuma haƙuri maganin zaman duniya ne. Maganar tana da tushe, sai dai akan aza ta a inda ba wurinta ba. Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa yaron da bai balaga ba ba mukallafi ba ne, an ɗauke masa alƙalami, ba a rubuta masa zunubi. Idan salla da azumi ba su zama wajibi a kansa ba tukuna, ba daidai ba ne a nemi ya zo da haƙurin da dattawa ma suke kokawa da shi. Haƙuri abu ne da ake koya wa yaro sannu a hankali, yana gani a jikin manya. Idan aka ce wa yarinyar da ta ga kisan ubanta ta yi shiru haka Allah ya ƙaddara, sau da yawa abin da ta ji shi ne kukanta ya dami mutane. Ƙaddara kuma ba ta taɓa zama hujjar sauke nauyi ba. Mai zazzaɓi ƙaddara ce ta same shi, amma ba wanda ya ce kada a kai shi asibiti.

Alƙur'ani da Sunna ba su haɗa baƙin ciki da rashin haƙuri ba. A cikin Suratu Yusuf, Annabi Yaƙubu ya ɗauki alkawarin kyakkyawan haƙuri, duk da haka ya yi ta baƙin cikin ɗansa shekaru har idanunsa suka yi fari, kuma ba a zarge shi ba. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, Annabi ya je gidansa ya jawo 'ya'yansa jikinsa yana hawaye, ya kuma umarci a dafa wa iyalin abinci saboda abin da ya same su ya shagaltar da su. Akwai kuma labarin Abu Umair, ƙanin Anas ɗan Malik, wanda ɗan tsuntsunsa ya mutu, Annabi ya ga damuwa a fuskarsa ya tsaya yana tambayarsa labarin tsuntsun. Wanda bai raina baƙin cikin yaro a kan tsuntsu ba, ba zai yarda a raina shi a kan uwa ba. Suratud Duha kuwa ta tuna wa Annabi maraicinsa da mafakar da aka ba shi, sannan ta hana shi tsananta wa maraya. Umarnin a wurin babba ya sauka. Haka yake a Suratul Ma'un, inda aka sanya tunkuɗe maraya cikin alamomin mai ƙaryata sakamako, da Suratun Nisa'i, inda aka yi gargaɗi mai tsanani a kan cin dukiyarsa. A duk waɗannan wurare wanda ake tuhuma shi ne mai riƙo.

Batun duka ya fi wuya, domin akwai hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito game da umartar yara da salla a shekara bakwai da dukansu a kanta a shekara goma, kuma dorina ta daɗe a hannun malami da gardi. Amma malaman mazhabar Malikiyya, waɗanda littattafansu ake karantawa a zaurukan unguwannin Kona da Juma, sun yi wa wannan izni iyaka tun da daɗewa. Muhammad ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 870, ya rubuta littafi a kan ladubban malaman yara, inda ya taƙaita horo a bulala uku, ba a ƙarawa sai da izinin uba, ba a kuma wuce goma. Alƙabisi, wanda ya rasu a 1012, ya bi sahunsa, ya hana dukan fuska da kai, ya hana malami duka yana cikin fushi, domin a lokacin huce haushinsa yake yi. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ware babi guda a cikin Muƙaddima a kan illar tsanantawa ga ɗalibai. A bayaninsa, wanda aka rena da ƙarfi da ƙuntatawa yakan rasa kuzari, ya koyi ƙarya da yaudara don tsoron hannun da ke kansa, har su zama masa ɗabi'a. Abin da ya lissafa kusan shi ne kukan da masu riƙo suke kawowa a yau.

Sharaɗin da fuƙaha'u suka gindaya wa horo shi ne a yi zaton zai amfanar, kuma kada ya cutar. A nan ne ilimin likitoci yake yi wa fiƙihu hidima. Idan ya tabbata cewa bulala tana ƙara wa yaron da ke cikin firgici fitsarin kwance da ƙarya da gudun gida, to sharaɗin amfani ya faɗi, iznin ma ya faɗi tare da shi. Ba a bukatar a aro hujja daga waje kafin a kai ga wannan hukunci.

Inda rashin wannan fahimta yake kaiwa ya fito fili a 2019. A watan Satumba na shekarar 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a baya. Cikin makonnin da suka biyo baya aka buɗe irin waɗannan gidaje a Daura da Katsina da kuma Zariya. Adalci ne a faɗi cewa yawancin iyayen da suka kai 'ya'yansu ba mugunta ce ta kai su ba. Sun ga ɗa ya shiga shan ƙwaya ko sata, sun yi faɗa sun yi addu'a, likitocin ƙwaƙwalwa kuma kaɗan ne, sai wanda ya iya kai kansa asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Gidan mari ya cike gurbin da aka bari a buɗe. Duk da haka, ɗaure ɗan Adam da yunwatar da shi ba su da mazauni a cikin iyakokin da ɗan Sahnun da Alƙabisi suka shata, ko da ana karanta Alƙur'ani a gidan safe da yamma. Shaye-shayen da aka kai yaro dominsa ma, sau da yawa hanya ce da ya samo ta kashe wani raɗaɗi da ba wanda ya tambaye shi labarinsa.

Tambaya ta gaba ita ce wa ya kamata ya riƙe yaron. Risalar Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil sun ba uwa haƙƙin reno bayan rabuwa, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Idan uwa ta rasu ko haƙƙinta ya faɗi, sai kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, kafin a juyo ga dangin uba. Dalilin da malamai suka bayar shi ne tausayi da sabo, kuma sun sharɗanta wa mai reno hankali da amana da iya ɗawainiya da amintaccen wurin zama. Al'adar da ta yaɗu ta cewa uba yana karɓar ɗansa da an yaye shi ta saɓa wa wannan jeri, kuma tana raba yaro da fuskar da ya fi sani a shekarun da rabuwa ta fi yi masa illa. Da yawa daga cikin rigingimun da ke zuwa gaban alƙalan kotunan shari'a a kan riƙo, fushin manya ne ake hucewa a kan yaro.

Riƙo a tsakanin dangi tsohuwar al'ada ce mai alheri. Littafin tarihin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya nuna yadda ake ba goggo ko kaka ko matar da ba ta haihu ba ɗa ta rena har ta aurar da shi. Baba kanta ba ta haihu ba, amma ta reni 'ya'ya. Binciken zamani ya goyi bayan gida a kan gidan marayu. A Bukares ta Romaniya, a farkon shekarun 2000, an bi yara 136 da ke gidajen marayu, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo, sai aka ga waɗanda aka mayar sun fi ci gaba a basira da shaƙuwa, musamman waɗanda aka mayar kafin su cika shekara biyu. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 a kan riƙon yara ma sun fifita riƙon dangi. Sai dai gida ba ya isa don sunansa gida. Akwai 'yar riƙon da ita ce mai talla da wanke-wanke 'ya'yan gida suna makaranta, akwai agolan da kwanonsa daban, akwai maraya da ake yawo da shi, bana Tudun Wada, baɗi ƙauye, duk inda ya yi laifi a tattara masa kayansa. Kowane sauyin hannu sabon rashi ne, kuma yana tabbatar wa yaro zaton da yake yi cewa ba mai riƙe shi har abada. Annabi kansa ya sauya hannu, daga mahaifiyarsa da ta rasu a Abwa yana ɗan shekara shida, zuwa kakansa Abdulmuɗɗalib, zuwa baffansa Abu Ɗalib yana ɗan takwas, amma mai renonsa Ummu Aiman tana tare da shi a duk wannan, kuma ya girmama ta kamar uwa har ƙarshen rayuwarsa.

Suratul Ahzab ta hana a jingina ɗan riƙo ga wanda ba ubansa ba. Hukuncin yana kare gado da aure, yana kuma kare wani abu da masu kula da yara suka gane daga baya, wato bukatar yaro ya san asalinsa. Wanda aka ɓoye masa mutuwar uwarsa aka ce ta yi tafiya, ko ya fara jin cewa shi tsintacce ne daga bakin abokin faɗa, ya yi rashi biyu, na iyaye da na yarda da masu riƙonsa. Gaskiya gwargwadon shekarunsa, daga bakin wanda yake ƙauna, ta fi sauƙin ɗauka.

A aikace, yawancin abin da ake bukata ba ya cin kuɗi. Lokacin abinci da na barci su zama sanannu, a gaya wa yaro tun da wuri idan za a yi tafiya ko baƙo zai zo, kada a yi masa barazanar mayar da shi inda ya fito. Mai fitsarin kwance a rage masa ruwan dare, a tashe shi, a wanke shimfiɗa ba tare da an tara masa yara suna yi masa waƙa ba. Idan ya hau fushi a bari ya sauka kafin a yi maganar laifin, sannan a sa shi ya gyara abin da ya ɓata. Kada a matsa masa ya ba da labarin abin da ya gani, kada kuma a toshe masa baki ranar da ya fara. Salloli biyar da karatun allo na safe da yamma, idan babu tsoro a cikinsu, suna ba rana tsarin da irin wannan yaro yake bukata. Idan ya riƙa zabura cikin dare ko ya sandare, mutane sukan ce iska ce ko aljanu. Tofi da addu'a cikin taushin murya suna kwantar da hankali, amma ruƙiyyar da ake danne yaro ana yi masa tsawa ana dukansa da sunan dukan aljani, maimaita masa abin da ya firgita shi ne. Faɗuwa da sandarewa kuma suna iya zama farfaɗiya, wadda take da magani a asibiti.

Akwai wurin da kyakkyawar ɗabi'a take juyewa ta zama zalunci, shi ne rufin asiri. Musulunci ya kwaɗaitar da suturta mai laifin da laifinsa yake tsakaninsa da Ubangijinsa. Bai ce a suturta wanda ya yi wa yarinya ko yaro fyaɗe ba, alhali yana nan cikin gida ko unguwa yana iya komawa. Idan aka sasanta a zauren mai unguwa don kare sunan gida, yaron ya fahimci cewa sunan ya fi shi daraja. Asirin da ya wajaba a rufa na wanda aka cuta ne: kada a yayata sunansa, a kai shi asibiti da gaggawa, a raba shi da mai cutarwar. Akwai cibiyar Salama a asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan domin irin wannan.

Mai riƙon ma mutum ne. Kakar da ke sayar da ƙuli-ƙuli tana ciyar da jikoki biyar, ko malamin da aka tara wa almajirai hamsin ba a ba shi ko mudu ba, ba za a nemi taushin hali a wurinsu a bar su da yunwa ba. Da yawansu ma da duka aka rene su, ba su ga wata hanya ba. Fiƙihu ya sanya ɗaukar tsintacce farilla ta kifaya, ciyar da shi kuma a kan baitulmali idan ba shi da dukiya, wato nauyin na jama'a ne da hukuma. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 da Dokar Walwala da Kare Yara ta Jihar Kaduna ta 2018 sun ɗora wa gwamnati irin wannan nauyi a rubuce, an kuma kafa hukumar tarayya ta almajirai da yaran da ba sa makaranta a 2023. Abin da ya faru a 2020, lokacin annobar korona, da aka loda dubban almajirai a motoci aka mayar da su jihohinsu, ya nuna cewa mayar da yaro gida somin aiki ne, domin talaucin da ya fito da shi yana nan yana jiransa. A cikin ganuwar Zariya akwai masu unguwanni da limamai da kwamitocin marayu na masallatai da ƙungiyoyin mata masu tara zakka da kayan salla. Mafi yawan taimakonsu shinkafa ne da atamfa a watan azumi. Abin da ya rage shi ne ziyarar gidajen riƙo a sauran watanni, biyan kuɗin makaranta da na magani kai tsaye, koya wa masu riƙo da gardawa alamomin firgici, da sanin lokacin da ya kamata a miƙa yaro ga likita ko ga jami'an walwalar jama'a na ƙaramar hukuma.